Murfin Guguwa

Mun dawo gida, Yaya, ni da Ɓulɓul. Mun kwana biyu da dawowa, kullum ina cewa yau zan kira ki gobe zan kira ki, sai ga ki da ƙafarki. Zauna nan kan gado, ba sai kin kakkaɓe ba, babu abin da zai manne miki a zane. Shafa kan akwatin nan ki duba yatsanki. Kin tuna zuwanki na ƙarshe, da kika ce ko shayi aka ba mutum a ɗakin nan sai ya tauna? To yanzu sha abinki.

Kuma Ɓulɓul tana tafiya, har gudu take yi. Haƙora sun fito sama da ƙasa. Tari ya tafi, tun da muka dawo ko gyaran murya ban ji ta yi ba. Bari ta tashi daga barci ki ganta da idonki. Labarin da yawa, ban ma san ta inda zan kama ba, ke kuma kina can nesa duk abin nan ya faru, sai guntu-guntu kike tsinta a bakin Mama. Bari in faro miki daga tarin.

Kin dai san yadda gidan nan yake. Shagon baban Ɓulɓul a gaba, ɗakinmu a baya, bango ɗaya ne tsakani, ƙofar shagon ta baya kuma tsakar gidanmu take kallo. Haka mahaifinsa ya bar masa, shagon da sana'ar da sunan ma, don tun tsohon na da rai kowa Kafinta yake ce masa, har ni na kama. A zamanin tsohon da hannu ake komai, abin da ke zuba ƙasa manya-manya ne, a share a ba masu kaji. Shi kuma da ya kawo injin yanka da injin gogewa, sai wata irin ƙura ta zo, mai laushi kamar hoda. Ba kya ganinta sai rana ta shigo ta taga, ki ga tana yawo a iska ba ta da niyyar sauka. Tana cikin tukunya, tana cikin man shafawa, tana gashin girata. Ni na saba. Ɓulɓul ce ba ta saba ba.

Tari ya kama ta tun ba ta iya zama ba, sai an tokare ta da filo. Irin tarin nan da ƙirji ke fito kamar an danne kyanwa. Muka kai ta asibiti, nas ɗin ta ɗora abin saurare a bayanta, ta daɗe, sannan ta dube ni.

"Mijinki me yake yi?"

Na ce kafinta ne.

"A ina shagon yake?"

Na ce a gida.

Ta miƙo hannu ta shafi kafaɗar mayafina, ta nuna mini yatsanta. "Magani zan ba ku. Amma in dai za ta koma tana shaƙar wannan, ruwa kawai kike ba ta."

Da muka dawo, Kafinta ya toshe saman bango da katako, ya sa labule mai kauri a ƙofa, ya daina gogewa sai a waje. Duk a banza, tana bin kayan jikinsa, tana bin iska ta tsakar gida. Barin aikin kuma ba zai yiwu ba, da shi muke ci. Sai wata rana da yamma ya kira ni shago, ya tsuguna ya baje garin katako a ƙasa, ya zana mini wani abu da yatsa. Ya ce ya gani a wani babban shago, kuma zai iya haɗa nasa.

Ga yadda abin yake, don ki gane sauran labarin. Durom ne a ƙasa, da murfi. A kan murfin an kafa wani babban mazurari na ƙarfe, tsukakken bakin yana kallon cikin durom. Tiyo ɗaya ya taso daga injin yanka ya shiga mazurarin ta gefe. Wani bututun kuma ya fita ta tsakiyar sama ya tafi injin zuƙa. In aka kunna, iska da ƙura su shigo ta gefe su yi ta juyawa a ciki. Ƙura ta fi iska nauyi, sai ta bi jikin ƙarfen ta gangara durom, iska kuma ta fice ta sama ita kaɗai.

"Ku je wajen Mama ku ɗan zauna," ya ce. "Kafin ta iya zama da kanta na gama."

Ranar tafiya ina haɗa kaya ya ce in bar masa madubina, wannan ƙaramin mai zagayen roba. Na ce kwalliya za ka fara? Ya ce a'a, kullum da safe zai goge shi ya ajiye a inda Ɓulɓul ke kwanciya. In ya tashi aiki ya ja yatsa a kai. Ranar da yatsa bai bar layi ba, ranar zai zo ya ɗauke mu.

Kin san nisan gidan Mama, wuni guda ne a mota. Sai waya. Kullum in ya rufe shago zai kira, ni in ba shi labarin Ɓulɓul, shi ya ba ni labarin abin nasa. Mai Walda na jikin shagonmu ne ya lanƙwasa masa mazurarin, wannan dogon da ba ya ganin abu ya yi shiru. Shi ya raɗa mata suna Guguwa, sunan kuma ya bi ta.

Gwajin farko da durom na roba aka yi. Da Kafinta ya kira, ina jin Mai Walda yana ta dariya a bayansa, har ya ƙwace wayar.

"Maman Ɓulɓul, ina yi miki ta'aziyya. Guguwa ta shanye cikinta."

Wai wani guntun katako ne ya toshe tiyo, injin ya ci gaba da zuƙa, durom ɗin ya lotse ya shige ciki kamar kumatun tsohuwa. Muka yi dariya har Mama ta leƙo. Lokacin abin dariya ne, Yaya.

Aka samo durom na ƙarfe. Shi kuma bakinsa daban, sai an yi masa sabon murfi, kuma nan ne Kafinta ya ce wannan ɓangarensa ne, kowa ya matsa. Ya ɗauko wani katako mai kyau cikin waɗanda tsohon ya bari, ya yanke shi zagaye, ya fitar masa da leɓe mai shiga bakin durom, ya goge ya shafa mai har yana ƙyalli. Ya turo mini hoto. Wallahi in kin gani za ki ce teburin baƙi ne. Duk abin nan tarkacen ƙarfe ne da tiyo da salatef, murfin kaɗai ne mai kyan gani.

Akwai wani abu da tsohon ya koya masa tun yana ƙarami. Duk abin da za a sa cikin wani abu, ƙofa ce, murfi ne, ƙasan akwati ne, ba a matse shi. Ana barin 'yar tazara da farcen babban yatsa zai shiga. Saboda in damina ta zo katako yana shan danshi ya kumbura, in bai sami wuri ba sai ya tsage ko ya fasa abin da ke riƙe da shi. Kafinta ya ce tsohon ba ya duba aiki da ido, farce yake sawa, in bai shiga ba ka sha ranƙwashi ka sake. Har yau in ya gama abu za ki ga yatsansa ya tafi da kansa, ko yana hira ne. To haka ya yi wa murfin nan. Ya sa farce, ya shiga, ya ce madalla.

Aka kunna. Manyan suka faɗa durom yadda ake so. Amma mai laushin, wadda ita ce damuwarmu, sai ta bi ta sama ta wuce injin zuƙa, ta toshe masa mataci, ya fara nishi yana huro ta ta baya. Da yamma ya ja yatsa a madubi, layi ya fito ɓaro-ɓaro.

Daga nan aka shiga gyara. Ya ce bututun gefe bai kwanta daidai ba, Mai Walda ya yanke ya sake liƙawa a karkace. Ya ce na tsakiya ya yi tsawo, aka rage. Ya ce ya yi gajarta, aka ƙara. Ya ce mazurarin ya cika faɗi, iska ba ta samun juyi, aka yi wani siriri dogo har yana taɓa rufi. Ya bi duk mahaɗar tiyo da salatef, yana jiƙa bayan hannu yana bi ko zai ji iska. Kowane gyara sai an jira Mai Walda ya sami sarari, shi ma ga aikin mutane a gabansa.

Mai Walda da bakinsa ya faɗa mini cewa ya taɓa yi masa maganar murfin. Ya ce ya ɗora hannu ya ji yana ɗan motsi, ya ce, "Maƙwabci, wannan hular taka fa? Na ga tana rawa."

Kafinta ya ce, "Rawar nan da gangan ce. Ka tsaya a kan ƙarfenka, ni ban taɓa koya maka walda ba."

"Allah ya ba ka haƙuri, ɗan gado. Ni dai ƙarfena ba ya rawa."

"Shi ya sa ka yi mini mazurari kamar kwandon kaji."

Aka bar maganar a nan, aka koma kan mazurari.

Ita kuwa Ɓulɓul ba ta jira kowa ba. Tarin ya lafa tun farkon zuwanmu. Ta zauna da kanta. Ta fara ja da ciki, ta koma rarrafe, ta shiga kicin ta kifar wa Mama da kwanon wanke-wanke. Haƙori ya fito ta cije ni. Duk abin da ta yi, kin san ni, ba na iya riƙe labari, kafin ya gama sallama na zazzage masa. Ya yi ta dariya yana cewa in sa mata wayar a kunne. Ita kuma sai ta kama ta kai baki.

Sau ɗaya ya zo, da farko-farko. Da zai koma ta yi ta miƙa masa hannu tana kuka, ya tsaya a bakin ƙofa ya kasa tafiya har ya kusa rasa mota. Daga ranar ya ce ba zai ƙara zuwa ya tafi ya bar mu ba, zuwansa na gaba na ɗaukarmu ne. Na roƙe shi, na ce ko wuni ɗaya ne. Ya ce saura kaɗan, ya gano matsalar. Kullum ya gano matsalar. Mama ta ce, "Mijin nan naki, kansa ya fi katakon da yake yankawa tauri."

Wanda ya ci riba shi ne Babanmu. Kin san tun da ya bar aiki ba shi da abin yi sai rediyo. To ya samu abokiya. Da safe tana kan cinyarsa, da rana tana jan gemunsa, yana ce mata amarya, yana cewa ta fi Mama iya kallon mutum. Kowa a gidan Baba yake ce masa, ita ma da bakinta ya buɗe abin da ta fara faɗa ke nan. Na kira Kafinta na ce ta ce Baba. Ya ce, "Da gaske? Sa ta ta maimaita." Na sa mata wayar, ta ture, ta rarrafa ta tafi wajen mai rediyo.

Sai damina ta sauka. Aka jera kwanaki ana ruwa. Ran nan ya kira tun kafin lokacinsa.

"Maman Ɓulɓul, madubi fes. Na yi yanka, na yi gogewa wuni guda. Na ja yatsa babu komai. Ku haɗa kaya."

Na yi ta tsalle a tsakar gida kamar yarinya. Mama ta taya ni ninke kaya, Baba ya kashe rediyo ya shige ɗaki. Kafinta ya ce zai ƙarasa wasu kujeru da ya yi alkawari sannan ya taho. Kafin ya ƙarasa ruwa ya ɗauke, rana ta buɗe ta yi kwanaki tana dukan ƙasa. Sai ga waya.

"Ku dakata tukuna."

"Me ya faru?"

"Layi ya dawo. Ban taɓa komai ba, wallahi ban taɓa komai ba."

Na kwance kaya. Bayan kwana biyu ya sake kira da murna, na sake ɗaurewa, ya sake cewa mu dakata. Har na daina kwancewa, muna ciro riga daga jaka muna mayarwa kamar baƙi. Shi kuma ya fara zargin kansa. Ya canza tiyo, ya wanke mataci, ya ce ko wutar lantarki ce ke raguwa. Mai Walda ya ce Guguwa ma'aikaciyar ofis ce, tana da ranakun zuwa aiki da ranakun zuwa biki. Kafinta bai yi dariya ba. Ni ma da aka faɗa mini ban yi ba.

Cikin wannan ne ta taka. Da hantsi ne, ina shanya, tana tsaye ta dafa bokiti. Baba na zaune kan kujerarsa ya miƙo mata hannu yana cewa taho amarya, taho. Kawai sai ta saki bokitin. Ta tafi tana tangaɗi kamar mai jin barci har ta faɗa kan gwiwarsa. Na saki rigar da ke hannuna a ƙasa na ruga na ɗauko waya, ban ma jira yamma ba.

Na ji ya kashe inji. Na ce, "Ta taka. Ɓulɓul ta taka, daga bokiti har wajen Baba, ba wanda ya riƙe ta."

Ya yi shiru. Na ɗauka layi ne ya yanke.

"Kafinta, kana ji?"

"Ina ji. Masha Allah. Ba ta faɗi ba?"

"Ba ta faɗi ba."

"To madalla. Bari in koma, akwai mai jira."

Na tsaya da waya a hannu ina mamaki. Na ce a raina ko gajiya ce.

Yadda aka gano abin kuwa, in na faɗa miki za ki ce wasa ne. Ruwa ya dawo, ya yi kwanaki. Ɗakin da muke duk igiya ce, nafkin da 'yan rigunanta sun ƙi bushewa, sai warin danshi. Ya kira da yamma, ina ƙoƙarin shiga kicin in ɗora ruwan wankanta, ƙofar ta ƙi buɗuwa, ina ta bugunta da ƙugu.

Ya ce, "Yau ma fes. Amma ba zan ce ku taho ba, na daina yarda da ita."

Na ce, "Ni fa na gane Guguwar nan taka. Duk ranar da kayan Ɓulɓul suka ƙi bushewa, ranar kake kira da dariya. Ranar da suka bushe ƙayau, muryarka a ƙasa. Ruwa take so. Ita da ƙofar kicin ɗin Mama uwarsu ɗaya."

Wasa nake yi, Yaya, don ya ɗan saki rai.

Ya ce, "Me ƙofar ta yi?"

"Ta kumbura mana. In an yi ruwa sai da ƙugu, in rana ta fito ko Ɓulɓul tura ta take yi."

Na ji ya ajiye wayar a kan benci. Na ji takunsa ya yi nisa. Na samu ƙofar ta buɗu na ɗora ruwan, har ya fara ƙara. Sannan ya dawo.

"Farcena ba ya shiga."

"A ina?"

"Murfin."

Ashe 'yar tazarar nan ce. In rana ta yi, katako ya bushe ya tsuke, sai iska ta riƙa shiga ta gefen murfi. Injin na zuƙa, ita kuma tana tasowa daga ƙasa da ƙarfi, ta tari ƙurar da ke gangarowa ta mayar da ita sama. In an yi ruwa, katako ya kumbura ya toshe wurin da kansa, komai ya tafi daidai. Tun mazurarin farko babu abin da ya same shi. Duk yankan da liƙin da aka yi ta yi, ba a wurin ciwon yake ba.

Washegari ya samo robar cikin tayar keke, ya yanka ta siriri, ya bi leɓen murfin da gam ya liƙa, ya sa maƙalai guda-guda a gefe masu danne shi. Ya ce shayin da ya zuba kafin ya fara, da ya gama bai huce ba. Wannan ne abin da ya fi ci masa rai. Mai Walda ya shigo ya gani, ya dafa murfin ya ji ba ya motsi. Kafinta ya ce yana jira ya ji tsiya, ya ma shirya ya shanye. Sai mutumin ya ce, "Allah ya ji ƙan tsoho, ya koya maka aiki mai kyau. Wannan ce kawai ba akwati ba ce." Ya juya ya fita.

Bai kira mu ba sai da ya jira rana ta fito ta yi kwanaki, katako ya bushe iyakar bushewarsa. Madubi fes. Sannan ya taho.

Ya iso da yamma, ya sha aski, ya sa rigarsa mai kyau. Ina jin sallamarsa na fito da gudu ba ko takalmi. Ɓulɓul na tsakar gida tana bin kaza. Ya ajiye jaka, ya tsuguna, ya buɗe hannuwa.

"Zo wajen Baba."

Ta tsaya ta kalle shi. Ta juya ta kalli kujera. Sai ta ruga ta shige tsakanin ƙafafun Baba, ta riƙe wandonsa, tana leƙen baƙo ta gefe.

Baba ya ce, "Je ki wajen ubanki, ni na gaji da auren nan, ko ruwa ba ki iya dafawa ba." Ya ɗaga ta zai miƙa, ta ƙanƙame wuyansa ta fasa kuka. Mama ta ce a bar ta, yara haka suke, zuwa gobe ta saba. Kafinta ya miƙe ya kakkaɓe gwiwarsa, ya ce, "Ta yi tsawo." Ya je ya gaida su Mama yadda ya kamata. A mota tana kan cinyata ta cusa fuska a ƙirjina, shi kuma yana riƙe da jakunkuna.

Amma gidan, Yaya. Da muka shigo na tsaya a ƙofa ina shaƙar iska kamar baƙuwa. Ya kunna mini Guguwa in gani. Za ki ji ƙurar tana zagayawa a cikin ƙarfen, shuuu, sannan ta faɗa. Ya yanka katako a gabana, na sa hannu kusa, babu abin da ya sauka a fatata. In durom ya cika ya ɓalle maƙalan ya juye a buhu, har masu kaji sun dawo. Mutane na zuwa kallo, wani ma ya ce a haɗa masa irinta. In za ki tafi zan kai ki ki gani, ki daure ki yaba murfin, har yanzu shi ne mai kyan gani.

Ina shara a shagon ne, bayan mun kwana biyu, na ga wani abu a bayan benci an lulluɓe da tsohon zanena. Na ɗaga. Keken koyon tafiya ne, irin mai ƙafa uku da yaro ke turawa. Ya goge ko'ina sumul, babu kusurwa ko ɗaya mai kaifi. Ya naɗe mariƙin da tsumma mai laushi. Ya ma sa wasu 'yan ƙwallaye a jiki masu ƙara in an tura.

Na ce, "Yaushe ka yi wannan?"

Bai ɗago daga abin da yake aunawa ba. "Tun farkon tafiyarku."

"Me ya hana ka aiko mana? Ai da mota za ta kawo."

"Na ce a nan za ta tura shi. Daga ƙofar shago zuwa ƙofar ɗaki, ni ina nan ke kina can."

Sai a lokacin na gane shirun da ya yi ranar da na kira shi da hantsi.

Na fito da shi tsakar gida duk da haka. Ɓulɓul ta zo ta zagaya shi. Mariƙin a cinyarta ya tsaya, sai ta sunkuya kafin ta kama, don da tsawonta na wancan lokacin ya auna. Ta ɗora takalmina a kai, ta ja shi da baya ya yi ƙara, ta yi dariya, sannan ta ga ƙadangare ta bar shi a nan. Ga shi can jikin bango, za ki gani in kin fita.

Yanzu dai da sauƙi. Ta daina kuka in ya shigo. Tana karɓar abu a hannunsa, in dai ya miƙo daga nesa, ta karɓa ta dawo bayana ta ci. Jiya ta tsaya a ƙofar shago tana kallonsa yana aiki, ya yi kamar bai ganta ba don kar ta gudu, ya yi ta goge katako ɗaya har ya kusa cinye shi. Ba ta kira shi komai tukuna. In an ce ina Baba, ƙofar waje take nunawa.

Shi kuma ya ɗauko wata ɗabi'a. In ya rufe shago ya yi wanka muka zauna cin abinci, sai ya ce in ba shi labarin ranar da ta taka. Na ba shi ya fi a ƙirga. In ce da hantsi ne, ina shanya, ta dafa bokiti. Ya ce wane bokitin. In ce shuɗin. Ya ce tsakanin bokitin da kujerar zai kai daga nan zuwa ina, in nuna masa, ya kalli wurin kamar zai auna. Ya ce hannuwanta a sama suke ko a ƙasa. In ce a sama, kamar za ta kama wani abu.

Shekaranjiya sai ya ce, "Wace ƙafa ta fara ɗagawa?"

Ina wurin, Yaya, idona a kanta, amma ban lura ba. Na so in ce dama kawai a wuce wurin, sai na ga yadda yake kallona yana jira.

Na ce, "Ban lura ba."

Ya gyaɗa kai, ya ce ba komai. Ya ci gaba da cin abincinsa.

Ji can, ta motsa. Miƙo mini zanen nan in ɗauko miki ita.